An Yi, Za A Yi, Ko A Yi? Sharhi Kan Tsara Jeri A Rubutun Aiki

Takardun aiki da ake rubutawa da Hausa a Jega da Aliero da Maiyama, da wuya ka ɗauki ɗaya ka rasa jeri a cikinta. Sanarwar ƙaramar hukuma jeri ce, sharuɗɗan shiga ƙungiyar manoma jeri ne, haka bayanin bayan taron 'yan kasuwa, haka takardar da ɗan takara ke rabawa lokacin kamfe. Ko a wuraren da Turanci ne harshen karatu, kamar Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Jega, abin da ɗalibi ya koya a aji da Hausa zai mayar da shi ranar da ya tsaya gaban manomi ko majinyaci, kuma a jere zai faɗe shi. Duk da haka ba a ɗauki tsara jeri a matsayin abin da ake zama a koya ba. Gani ake da zarar an sa 1 da 2 da 3 a gefen takarda, aiki ya kammala. Abin da wannan sharhi ke son tabbatarwa shi ne, jerin da abubuwan cikinsa ba su zo da siga ɗaya ba yana ɓoye abu biyu da mai karatu ya fi bukata: wa zai yi aikin, kuma an yi shi ko ba a yi ba. Wannan illa kuwa ta fi tsanani a rubutun Hausa fiye da na Turanci, saboda wasu dalilai da ke cikin harshen da kuma yadda muke rubuta shi.

Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoman albasa ta tashi daga taro, sakatare ya rubuta abubuwa biyar a ƙarƙashin kan magana mai cewa "Abin da aka cim ma". Na farko, gyaran rudu (wurin adana albasa) kafin a cire albasa. Na biyu, a riƙa biyan kuɗin wata a kan lokaci. Na uku, an yi maganar dillalai. Na huɗu, taki. Na biyar, shugaba ya je wurin hakimi. Wanda ya halarci taron zai karanta ya gane, domin abin da ya ji da kunnensa ne ke cike masa gurbi. Wanda bai halarta ba fa? Na farko sunan aiki ne kawai, ba mai yi. Na biyu umarni ne a kan kowa. Na uku labari ne na abin da ya wuce, kuma bai ce an yanke komai ba. Na huɗu suna ne tsirara: sayen taki ake nufi, ko rabonsa, ko kukan tsadarsa? Na biyar ya fi su duka rikitarwa, don ba a san ko shugaba ya riga ya je ba ne, ko cewa aka yi ya je. Bayan wata biyu, idan aka dawo taro aka tarar rudu bai gyaru ba, hakimi kuma bai ga kowa ba, babu wanda takardar nan za ta kama. Da sakatare ya ɗauki siga ɗaya ya riƙe, ya ce ma'aji zai sayo karan gyaran rudu, kowane mamba zai biya kuɗin wata, shugaba zai je wurin hakimi, da tun a wurin taron zai gano cewa batun dillalai da na taki ba su da mai yi, wato ba a cim ma komai a kansu ba. Sigar ce za ta tona masa wannan giɓi kafin kowa ya tashi.

Abin lura shi ne Bahaushe ba ya yin wannan kuskure da baki. Dalili kuwa shi ne kalmar "da", wadda muke haɗa abubuwa da ita, ba ta yarda da gauraye. Kana iya cewa ya sayo albasa da tattasai da gero. Kana iya cewa aikinsa noma da kiwo da fatauci. Amma babu mai cewa "mun amince da gyaran rudu da an yi maganar dillalai da taki" ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Ko a inda "da" ke ɗaukar jimla sukutum, kamar a ce da ka tafi da ka zauna duk ɗaya ne, za ka ga ɓangarorin biyu sun zo da kama ɗaya. Idan kuwa ayyuka ne ake jerawa a magana, sai a bar "da" a riƙa maimaita lamirin: ya zo, ya zauna, ya gaisa, ya faɗi bukatarsa. Nahawun Hausa da kansa ke tsare jeri, kunne kuma shi ne alƙali. Da jeri ya koma kan takarda, sai lamba da ɗigo suka maye gurbin "da". Lamba kuwa ba ta da zaɓi, kome ka rataya mata za ta ɗauka, suna ne ko umarni ko labari. Ido na ganin layuka biyar a jere ya ɗauka an yi tsari, alhali abin da ke tsare tsarin a bakin magana an riga an cire shi.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ya sa batun ya wuce na ado. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka "ya biya" a kan takarda yana iya zama labarin wanda ya riga ya biya, yana iya zama umarni ga wanda ake so ya biya. A baki ba mai rikita su, domin na farko ana jan wasalinsa da sauti sama, na biyu kuwa gajere ne da sauti ƙasa. Haka "ta kawo", haka "ka sa hannu". "Gina makaranta" yana iya zama sunan aikin, yana iya zama umarni ga mutum ɗaya. "Ginin makaranta" kuma yana iya nufin aikin, yana iya nufin bangon da rufin. To me ke gaya wa mai karatu wace murya zai sa? Maƙwabtan jimlar a cikin jerin. Idan layukan da suka gabata duk sun ce a kawo, a biya, su hallara, to "shugaba ya je" umarni ne babu tantama. Idan duk sun ce an kawo, an biya, sun hallara, to labari ne. Idan kuwa aka gauraya, an ƙwace wa mai karatu abin da zai dogara da shi, sai ya zaɓi ma'anar da ta yi masa daɗi. Mai rubuta Turanci da ya gauraya sigogi yakan tsira da ɗan muni kawai, tunda kalmominsa na ɗauke da lokacinsu a rubuce. Mai rubuta Hausa da ya yi haka yana iya juya umarni ya koma labari.

A harkar bashi da yarjejeniya, wannan bambanci kuɗi ne. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, kuma a shekarun da suka biyo baya an sha jin ƙorafin cewa manoma da dama ba su biya ba, wasu ma sun ɗauki abin a matsayin kyautar gwamnati. Ba mai hankalin da zai ɗora wannan a kan nahawu. Akwai ambaliya, akwai siyasa, akwai son zuciya. Amma ya isa ya nuna irin nauyin da ke kan takardar da ke jera abin da za a ba manomi da abin da ake binsa. Idan iri da taki da injin ban ruwa suka zo a jeri ɗaya da biyan bashi bayan girbi, duk da sigar suna, ba mai bayarwa ba mai karɓa, to wanda ya so ya karanta ta a matsayin jerin kyauta ya sami ƙofa. A harkar lafiya kuma abin ya fi haka haɗari. A ɗauki takardar gargaɗi kan feshin maganin ƙwari da aka yi wa kan magana "Abubuwan da aka hana", aka jero yin feshi ana iska, cin abinci ana cikin feshi, barin yara kusa da gona, sannan a layi na huɗu aka rubuta a wanke hannu da sabulu. Mai rubutu ya san abin da yake nufi. Amma a tsarin takardar, wanke hannu ya shiga cikin abin da aka hana, kuma wanda za a karanta wa ita da baki a bakin fadama ba zai ga inda sigar ta canja ba.

Wani zai ce wannan ƙa'ida ce ta 'yan boko, an kwaso ta daga littattafan koyon Turanci ana so a ɗora wa Hausa. Tarihin karatun ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta, bai goyi bayan wannan magana ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake biya farillan alwala a mazhabar Malikiyya: niyya, wanke fuska, wanke hannaye, shafar kai, wanke ƙafafu, cuccuɗawa, da yin su ba jinkiri a tsakani. Bakwai ne, kuma duk sunayen ayyuka ne, babu wanda ya zo da sigar labari ko ta umarni. Shi ya sa yaro ke haddace su, shi ya sa kuma idan ya tsallake ɗaya yakan ji da kansa. Sannan malaman fiƙihu ba su taɓa zuba farillai da sunnoni da abubuwan da ke warware alwala a jeri ɗaya ba. Kowanne da babinsa, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu, wato ilmin siga da ginin jimla tsohon abu ne a wannan ƙasa. Malaman balaga kuma, a babin haɗa jimloli da raba su, sun daɗe da bayyana cewa ba a haɗa jimlar labari da ta umarni haka kawai, kuma haɗi ya fi kyau idan jimlolin sun dace da juna a siga da lokaci. Ko a wajen addu'a, liman na cewa Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, jama'a na amsawa da amin a daidai gurbi ba tare da an yi musu ishara ba, saboda maimaita sigar ya sanar da su inda kowane roƙo ya ƙare. Idan akwai abin da aka kwaso daga waje, to gaurayen ne, wanda yawanci ke shigowa ta hanyar fassarar gaggawa, inda mai fassara ke bin kowane layi na Turanci shi kaɗai ba tare da ya waiwayi na samansa ba.

Haka nan ba a cewa sai an yi Kananci jeri zai daidaita. Ƙa'idar ba ta da ruwa da karin harshe. Hasali ma Hausar yamma da ake yi a wannan yanki ta fi daidaitacciyar Hausa sauƙin rarrabewa a wannan gaɓa, domin mutumin Jega ko Maiyama zai ce "shi biya" idan umarni ne, ya ce "ya biya" idan labari ne, ya kuma ce "anka biya" ko "sunka biya" a inda ya dace. Wanda ya rubuta jerinsa da "shi" daga farko har ƙarshe ya fi wanda ya yi daidaitacciyar Hausa amma ya gauraya sigogi isar da saƙo. Abin da ake nema shi ne a zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan ƙarfi, kuma ba a kawar da ita da sauƙi. Ita ce cewa jeri na iya daidaita tsaf ya kuma zama fanko. Kowa ya san irin takardun da ke cewa samar da ruwan sha, inganta ilimi, bunƙasa noma, ƙarfafa tsaro. Siga ɗaya ce daga sama har ƙasa, kunne na jin daɗinta, amma ba ta ce komai ba, don sunan aiki a Hausa ba shi da lokaci kuma ba shi da mai yi. Ƙudurori bakwai na marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa na 2007, da suka haɗa da wutar lantarki da wadatar abinci da sufuri da tsaro da ilimi, sun zauna a kan mutane saboda duk sunaye ne gajeru masu kama ɗaya, amma daga sunayen kaɗai ba ka sanin wa zai yi me, kuma yaushe. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne daidaita siga rabin aiki ne, sauran rabin shi ne zaɓen sigar da ta dace da manufar takardar. Kanun batutuwa na iya zama sunaye. Alkawari kuwa sai da "za mu", rahoton aiki sai da "an" ko "mun", umarni sai da "a" ko "ku". A nan ne ma ƙa'idar ke zama makami a hannun talaka. Ɗan siyasar da aka tilasta wa ya fara kowane layi na rahotonsa da "mun gama" ba zai iya cusa rijiyar da ba a haƙa ba a tsakanin waɗanda aka haƙa, sai dai ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, wadda ake iya kama shi da ita. Gauraye ne ke ba shi mafaka: an gyara hanya kaza, an gina aji kaza, sai kuma "samar da asibiti", mai sauraro ya tafi da zaton an gina, shi kuwa gobe ya ce bai taɓa faɗin haka ba. Ba kowane gauraye ne na rashin sani ba.

Masu cewa tilasta siga ɗaya na sa a danne abubuwan da ba iri ɗaya ba su ma suna da hujja, amma maganin abin a bayyane yake. Idan abu ya ƙi shiga sigar 'yan'uwansa, alama ce ba gidansa ba ne, sai a buɗe masa nasa jerin. Manomin Aliero ba ya zuba manyan albasa da ƙanana da masu tabo a buhu ɗaya don kawai duk albasa ce. Yana ware su ne domin mai saye ya san abin da yake biya. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bi wannan hanya a Jadawali na Huɗu, inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da na Jega da Aliero da Maiyama. Sashe na farko ya jero abin da ke wuyan ƙaramar hukuma ita kanta, kamar kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da sa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sashe na biyu kuma ya ware abubuwan da take sa hannu a cikinsu tare da gwamnatin jiha, wato ilimin firamare da na manya, da bunƙasa noma, da kiwon lafiya. Da an zuba su wuri ɗaya, da ba a san inda za a kai kuka ba idan kasuwa ta lalace, da inda za a kai idan makaranta ta rushe. Mai fassara wannan jadawali zuwa Hausa da ya rushe wannan rabo, ko ya fara wani layi da "kula da" wani da "za ta kula" wani da "a kula", ya canja doka ko da bai yi niyya ba.

A magana ta baki bukatar ta ninka, domin mai sauraro ba shi da damar komawa baya. Yawancin takardun da ake magana a kansu ma ba da ido ake karɓarsu ba: ana karanta su ne a masallaci bayan salla, ko a gidan rediyo, ko a ƙofar hakimi, ko a saƙon murya na WhatsApp. A ƙarshen watan Maris na 2015, lokacin da Farfesa Attahiru Jega, ɗan asalin garin Jega, ke jagorantar tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, jami'in kowace jiha ya riƙa karanta nasa da tsari iri ɗaya: yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, ƙuri'un kowace jam'iyya bi da bi, sannan ƙuri'u masu kyau da waɗanda suka lalace da jimla. 'Yan takara 14 ne, jihohi 36 da Abuja, amma mutum na zaune da rediyo da biro a shagonsa yana iya bi yana lissafi, saboda ya san abin da zai biyo bayan kowane adadi. Da kowane jami'i ya zo da nasa salon, da ba a rasa masu cewa an yi rufa-rufa ba. Shugaban taro da ya ce zai faɗi abu uku, ya fara da "mu riƙa", ya bi da "mu daina", sannan ya ɓuge da dogon labari, jama'a za su tashi da abu biyu, na ukun ya bi iska.

Masu cewa ai mutane na ganewa, kada a tsananta, suna mantawa da cewa masu ganewar su ne waɗanda suka riga suka san zancen. Takarda kuwa ana rubuta ta ne domin wanda ba ya nan, da wanda zai zo bayan shekara, da ranar da aka yi saɓani kowa ya ce ga abin da ya fahimta. Gwajin kuma ba ya cin minti biyar. Mai rubutu ya ɗauki kan maganar jerinsa ya karanta shi da ƙarfi tare da layi na farko, ya sake karanta shi tare da na biyu, haka har ƙarshe. Ko kuwa ya cire lambobin ya mayar da "da" a tsakanin layukan ya ji ko harshensa zai wuce. Duk layin da ya sa shi tuntuɓe, ko dai a sake masa siga, ko a fitar da shi zuwa wani jeri, ko a koma a tambayi taron abin da aka yanke a kansa. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a Aliero da Jega, da sakatarorin ƙananan hukumomin nan uku, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, su ne ke sa hannu a kan waɗannan takardu. Kada su sa hannu a kan jerin da bai nuna wa zai yi ba, bai kuma nuna an yi ko za a yi ba. Su mayar wa mai rubutu ya gyara.